Tururuwa da Danginta a Cikin Gida

Da zarar an yi ruwan fari ƙasa ta jiƙa, sai ka ji ana ta kuka da tururuwa a gidaje. Uwargida ta buɗe gwangwanin sukari ta tarar ya yi ja da kiyashi. Yaro ya farka tsakar dare yana tsala ihu, a haska fitila a ga cinnaka a kan tabarma. Mai gida ya yi shuka, kafin kwana biyu an kwashe masa iri daga rami. Abin da galibin mutane kan yi shi ne su aika kasuwa a sayo magani a fesa. Waɗanda maganin ya taɓa su mutu, a share, a sami lafiya kwana uku. Ran na huɗu ga su nan sun dawo, kamar ba a yi kome ba.

Dalili kuwa shi ne, waɗanda ka ke gani suna yawo 'yan aike ne kawai. Asalin gidan yana can cikin ƙasa, ko cikin tsagar bango, ko ƙarƙashin daɓe. A can ne sarauniyarsu ta ke kwance, ba ta da wani aiki sai saka ƙwai. Ƙwan ya ƙyanƙyashe ya zama 'yar farar tsutsa, tsutsar ta rikiɗa ta zama tururuwa. Ma'aikatan duk mata ne, amma ba su haihuwa. Su ke haƙa, su ke reno, su ke fita neman abinci, waɗanda ke fitar kuwa kaɗan ne daga cikin jama'ar gidan. In ka kashe dubu a tsakar gida, sarauniya ba ta ma san an yi ba, gobe za ta cike gurbinsu.

Akwai kuma abu biyu cikin halinsu da ya kamata ka riƙe, gama da su za ka ci nasara a kansu. Na fari, in ɗaya ta sami abinci, tana komawa gida tana shafa wani ƙanshi a ƙasa wanda hancinka ba ya ji, sauran su bi sawun. Shi ya sa ka ke ganinsu a jere kan hanya guda, ba su kaucewa. Na biyu, abin da ta sha ba nata ba ne ita kaɗai. Takan adana shi a ciki, in ta isa gida ta amayar ta ciyar da tsutsotsi da sarauniya baki da baki. Za mu koma kan wannan nan gaba.

SAN WANDA KA KE FAMA DA SHI

Masana sun ƙidaya tururuwa fiye da iri 13,000 a duniya. Kai dai waɗanda za su shigo maka gida ba su wuce biyar ko shida ba, duk kuwa ka san sunansu tun kana yaro. Amma da farko ka raba su da gara, domin mutane da yawa kan haɗa su, alhali kuwa gara ta fi kusa da kyankyaso wajen dangantaka. Ka kama guda ka duba. Tururuwa tana da tsukakken ƙugu irin na zanzaro, jikinta da tauri, 'yan ƙahonin nan biyu na kanta a lanƙwashe su ke kamar gwiwar hannu. Gara jikinta laushi, fari-fari, ba ta da ƙugu, ƙahoninta a miƙe. In masu fiffike ne, irin waɗanda kan taru ga fitila bayan ruwa, fukafukan shinge huɗu tsawonsu ɗaya, na tururuwa kuwa na gaba sun fi na baya tsawo. Gara ita ce ke cin azara da jinka da danga tana rufe hanyarta da laka. Maganinta dabam ne, ba shi ne zancenmu yau ba.

Kiyashi shi ne mafi ƙanƙanta, shi ne kuma aka fi rainawa, a ganinmu kuwa shi ya fi cancanta a kula da shi. Ja ne ko ruwan ƙasa. Ba ya zaɓen abinci: sukari, zuma, man gyaɗa, ƙuli-ƙuli, kilishi, mataccen kyankyaso, duk nasa ne. Ba ya kuma zaɓen hanya. Wanda ka gani yanzu a bakin kwanon jariri, wa ya san ko daga bakin masai ya fito, ko daga juji, ko daga tsumman da aka ɗaure gyambo da shi? Abin da ya taka a can yana manne a ƙafarsa. A shekarar 1972 an bincika wani irin kiyashi a asibitoci tara na ƙasar Ingila, aka sami ƙwayoyin cuta iri-iri a jikinsa, har da masu kawo gudawa da masu sa miki ya yi ruwa. Gaskiya ne bai kai ƙuda ɓarna ba. Amma ƙuda da rana ya ke aiki kana ganinsa kana kora, kiyashi kuwa dare da rana, yana shiga ta inda allura za ta shiga.

Waɗanda ya fi cuta su ne waɗanda ba su iya kore shi: jariri, da tsohon da ya kwanta, da majinyaci mai miki. Jariri ya sha nono ya yi tumbiɗi, aka kwantar da shi ba a goge masa baki da wuya ba, to, an yi wa kiyashi gayya. Yakan bi har cikin kunne da hanci, yakan kuma taru a cibiyar da ba ta warke ba. Saboda haka, ke mai jego, ki riƙa goge wa yaro baki da wuya da tsumma mai tsabta duk sa'ad da ya sha, ki canja zanen da ya ɓaci, ki sa shi cikin gidan sauro ki cusa bakin gidan ƙarƙashin shimfiɗa. In yaro yana kuka ba ki ga dalili ba, ki tuɓe shi ki duba matse-matsi da bayan kunne kafin ki ce mayu ne. In ƙwaro ya shiga kunne, kada a sa tsinke ko ashana. A karkata kan, a ɗiga man gyaɗa mai tsabta ɗigo biyu ko uku, ƙwaron ya mutu ya taso. Amma in kunnen dama yana ruwa, kada a zuba kome, a tafi asibiti.

Ga wani abu kuma da kiyashi kan nuna, wanda likitocin ƙasar Indiya suka lura da shi tun zamanin da. In ka ga kullum yana taruwa inda wani mutum ya yi fitsari, mutumin kuwa yana yawan jin ƙishirwa, yana yawan tashi fitsari da dare, yana ramewa, to, ya je a gwada jininsa. Mai yiwuwa ciwon sukari ne. Taruwar kiyashi ita kaɗai ba ta isa shaida ba, gwaji ne zai raba gardama, ba ya kuwa ɗaukar lokaci.

Shazumamu shi ne babban nan mai dogayen ƙafafu da kan fito da dare ya faɗa cikin shayi ko kwanon zuma. Ba ya harbi. Yakan zauna cikin ƙasa ko ruɓaɓɓen itace. In ya yawaita a ɗaki, duba ko akwai inda rufi ke yoyo itace ya jiƙe.

CINNAKA

Cinnaka, ba ka san na gida ba! Baƙi ne, siriri, bai kai ƙwayar shinkafa ba. Muna cewa ya yi cizo, amma zafin daga ƙarinsa ya ke fitowa, wanda ke can ƙarshen jikinsa, ya soka ya zuba dafi kamar kunama. Irin da ya cika ƙasashenmu masana sun sa masa sunan garin Sinnar na ƙasar Sudan tun 1862, yana nan kuma har ƙasar Makka, inda a ke ce masa samsum.

Laima ya ke so. In kana neman gidansa, duba gindin randa, da wurin wanka, da bakin rariya, da ƙarƙashin turmi ko dutsen da ya daɗe ba a ɗaga ba. Za ka ga 'yan ƙananan ramuka da 'yar ƙasa a bakinsu. Gidan da ruwan wanke-wanke ke kwanciya a tsakar gida ba ya rabuwa da cinnaka, kome maganin da aka zuba. Ka gyara rariya ruwa ya riƙa wucewa, ka ɗora randa bisa duwatsu ko gindin siminti ƙarƙashinta ya riƙa bushewa, ka ga ko ba su ragu ba.

Ga yawancin mutane harbinsa zafi ne na ɗan lokaci, da ɗan kumburi da ƙaiƙayi. A wanke wurin da sabulu, a ɗora tsumma mai sanyi, a hana yaro susa don kada ya zama miki. Amma akwai mutum ɗaya-ɗaya wanda jininsa ba ya ɗaukar dafin ko kaɗan, likitocin ƙasar Saudiyya sun sha ganin irin wannan. Alamarsa ita ce, jim kaɗan bayan harbin sai borin jini ya feso masa a jiki duka, leɓe ko harshe ko fuska su kumbura, numfashi ya yi wuya, ya ji jiri ko ya suma. Wannan ba na jiƙe-jiƙe ba ne, ba na a jira gari ya waye ba ne. A nemi babur ko mota nan take a kai shi asibiti mafi kusa, akwai allurar da a ke yi, in an yi ta da wuri sai ya warware. Wanda abin ya taɓa samunsa sau ɗaya, ya gaya wa iyalinsa da likita, ya bar kwana a ƙasa, ya riƙa kakkaɓe takalmi da riga kafin ya sa.

RANAR DA KWARKWASA TA ZO

Mutanen Katsina ko Damagaram sai su daɗe ba su ga kwarkwasa ba. Amma wanda ke zaune inda ruwa ya fi yawa, kamar kudancin Kaduna, da Neja, da Taraba, da zangunan Gana da Kamaru, ya san ta sarai. Ba ta da gida na dindindin. Runduna ce mai tashi daga wuri zuwa wuri, guda ɗaya takan kai miliyoyi, makafi ne duka, da ƙanshi su ke bin juna. Ba ta son zafin rana, don haka da dare ta ke tafiya, ko da sanyin safiya, ko ranar da hadari ya rufe. Nama ta ke ci. Duk abin da ke iya gudu ya tsira, wanda aka ɗaure ko aka kulle kuwa ya shiga uku: kaji a akurki, 'yan tsaki, zomaye, ɗan akuya a turke.

In ta shigo, kada ka tsaya faɗa da ita, ba za ka iya ba. Fara da ɗauke jarirai da tsofaffi da marasa lafiya. Sa'an nan ka buɗe akurki, ka kwance dabbobi. Wanda suka hau, ya tuɓe tufafinsa maza a cire masa su ɗaya-ɗaya, gama in sun kama ba su saki, kakkaɓewa ba ta fid da su. In ka hango ta tun tana waje, zuba toka mai kauri, mai ɗumi in da hali, a gicciye a gabanta da kewayen akurki, sau da yawa takan canja hanya. In kuwa ta riga ta cika ɗaki, bar mata shi. Cikin 'yan sa'o'i za ta wuce, ta kuma tafi da kyankyasai da kunamu da sauran ƙwarin da ta tarar. Kada ka bi ta da wutar kara kusa da jinka, kada ka watsa fetur ko kananzir ka ƙyasta ashana. Kwarkwasa ba ta taɓa cinye gida ba, gobara kuwa ta sha yi.

TA GONA DA RUMBU, DA WAƊANDA ZA KA ƘYALE

Ita tururuwa ta ainihi, baƙar nan mai babban kai, hatsi ne sana'arta. Ba ka ɓata gidanta: fili ne a share, da tarin ƙaiƙayi a gefe, da hanyoyi sun fita ta ko'ina kamar na shanu. Tana kwasar iri a gona, tana ɗiba a masussuka, tana hawa rumbu. Abin da ta ke tarawa ba kaɗan ba ne. A shekarun yunwa, kamar ta 2005 a ƙasar Nijar, an ga mutane suna tonon gidajenta don su sami abin da za su dafa.

Ka ɗora rumbu bisa duwatsu, ka share kewayensa taku uku ba ciyawa ba kara, ka zuba toka a gindin duwatsun, ka sake bayan kowane ruwa. Kada ka jingina tsani ko itace da shi, gada ce ka yi musu. Hatsin da aka sussuke ya bushe sarai, a zuba shi cikin durum ko jarka mai murfi, ko buhun nan mai ciki uku da a ke kira PICS, wanda aka fara yaɗawa a ƙasashenmu a 2007. A ɗora buhun bisa katako, kada ya taɓa ƙasa ko bango. Game da iri kuwa, malamin gona zai nuna maka maganin da a ke garwayawa da shi kafin shuka. Irin da aka garwaya da magani ya haramta ga tukunya, ya haramta ga kaji, ko da ya ragu.

Wasu dattawa ba su son a kashe tururuwa haka kawai, suna kuwa da gaskiya a kan wadda ba ta cutar kowa. Gwano, mai warin nan, gara ya ke farauta, in ka gan shi a bayan gida aiki ya ke yi maka. Jar nan mai zafin cizo da ke ɗinke ganyen mangwaro ta yi gida, ita ma ma'aikaciya ce. Binciken da aka yi a Jamhuriyar Benin, wanda ya fito a 2007, ya nuna itatuwan da ta ke zaune a kansu ba su cika samun tsutsa cikin 'ya'yansu ba, domin tana korar ƙudan da ke saka ƙwai a ciki. Sare reshen da ya taɓa rufin ɗaki kawai, ka bar ta can sama. In kuma ka ga tururuwa na hawa da sauka a jikin wake ko lemo, duba bayan ganye, za ka tarar da darɓa. Zaƙin da darɓar ke fitarwa su ke sha, suna kuma gadinta. Darɓar ce abokiyar gabarka.

A HANA SU CI DA SHA

Tururuwa ba ta zama inda ba ta samu. Wannan shi ne babban magani, ba a kuwa sayensa. Aikin uwargida ne da na mai gida tare, kada a bar wa mutum ɗaya.

Uwargida, kada kwanon tuwo ya kwana ba a wanke ba. Ƙanzon da za ki ajiye, ki rufe shi ki rataye a ragaya. Faifai yana tsare ƙuda amma ba ya tsare kiyashi, don haka sukari da madara da ƙuli-ƙuli sai gwangwani ko roba mai murfin da ke kamawa gam. Kwalbar zuma ki goge bakinta ki tsayar da ita cikin kwano mai ɗan ruwa. Yara su ci abinci wuri ɗaya, a share nan da nan, kada a bar su su hau shimfiɗa da rake ko alewa. In kin ga sun ja layi, kada ki tsaya murtsuke su ɗaya-ɗaya. Fara bin layin ki ga ta inda su ke shigowa, sa'an nan ki wanke hanyar duka da ruwan sabulu. Sabulun yana kashe waɗanda ya jiƙa, yana kuma wanke ƙanshin da su ke bi.

Gadon jariri ko na majinyaci, da teburin da a ke ajiye abinci, a sa kowace ƙafa cikin gwangwani mai ruwa da ɗan garin sabulu. A janye gadon daga bango, kada kuma zane ya sauko ya taɓa ƙasa. Amma fa a riƙa zubar da ruwan ana sakewa bayan kwana uku-uku. Sauro kan tashi daga ƙwai ya zama mai cizo cikin kamar mako guda, kada garin gudun kiyashi ka yi kiwon zazzaɓi a ƙarƙashin gado.

Kai kuma mai gida, naka shi ne bango da daɓe. Kafin damina ka zaga ɗaki-ɗaki, duk tsagar da ka gani ka liƙe da laka ko siminti, musamman inda bango ya haɗu da ƙasa da gefen ƙofa da taga. Itacen girki da karan da aka tara a nisanta su da bango. Juji ya koma can bayan gida, a riƙa binnewa. Masai ya sami murfi.

KAI WA GIDAN HARI

In an yi duk wannan ba su bari ba, sai a nemi sarauniya. Gidan da ke fili, kamar na cinnaka ko na tururuwar hatsi, tafasasshen ruwa ya ishe shi. Ka je da sassafe ko da almuru sa'ad da su ke ciki, ka buɗa bakin ramin da fartanya, ka tuttula bokiti biyu ko uku a hankali don ya ratsa. Sau ɗaya ba ya cika gamawa da su, sai ka sake bayan kwana biyu. Ka kori yara daga wurin tun kafin a sauke tukunya, kada kuma ka zuba a gindin itacen da ka ke so.

Kiyashi kuwa ba ya kamuwa ta haka, domin gidansa na cikin bango inda ba ka iya kaiwa. Wani irinsa ma sarauniyoyi da yawa gare shi a gida ɗaya. In ka fesa masa magani sai su watse, kowace ta ɗebi 'yan rakiya da tsutsotsi ta kafa sabon gida, gida ɗaya ya zama biyar. Shi ya sa wasu ke cewa tun da suka fara feshi abin ya ƙaru. Dabarar ita ce ka bar 'yan aiken su kai wa sarauniya ajalinta da bakinsu.

Akwai wani farin gari da a ke kira borik asid, ana samunsa a wasu manyan kemis. Ka sami ruwa rabin lita, watau ruwan leda guda, ka ɗumama, ka narka babban cokali 6 na sukari da ƙaramin cokali 1 na garin, a shafe ba a tula ba. Kada ka ƙara don ka ga ya yi kaɗan. In ya yi ƙarfi, ɗan aiken zai mutu a hanya bai kai saƙo ba, ko ya ƙi sha. Ka jiƙa auduga da ruwan, ka sa cikin ƙaramin gwangwani mai murfi, ka huda gefensa da ƙusa wuri uku ko huɗu, ka ajiye kan hanyarsu. In irin masu son maiƙo ne, ka cuɗa ɗan ruwan da tunkuza. Kwanakin farko za ka ga sun ƙaru, sun yi cincirindo a gwangwanin. Ka daure, kada ka kashe su, kada ka fesa kome kusa. Ka riƙa sake audugar in ta bushe. Kiyashi kan yi kamar mako shida daga ƙwai zuwa girma, don haka sai ka ba abin mako uku zuwa shida kafin ka ce bai yi ba.

Wannan garin ma guba ne in yaro ya sha, balle jariri. Gwangwanin ya zauna inda hannun yaro da bakin kaza ba su kaiwa, kamar bayan akwati ko bisa kan bango. Abin da ya ragu a zubar a masai, kada a ajiye shi cikin kwalbar lemo ko kofin sha, cokalin kuma a wanke shi sarai.

GUBAR KASUWA

Nan ne mu ke roƙonku ku saurara da kyau. Ba mu cika jin kiyashi ya kashe yaro ba, amma asibitocinmu suna karɓar yaran da suka sha maganin ƙwari. Maganin da a ke ɗurawa a tsofaffin kwalabe a sayar a tasha, wanda a ke kira ota-fiya-fiya, ba wanda ya san ƙarfinsa, har mai sayarwar. Galibi maganin gona ne aka tsarma. Sniper ma na gona ne, ba a yi shi don ɗakin kwana ba, a 2019 kuwa hukumar NAFDAC ta hana sayar da shi a kantuna da kasuwannin yau da kullum saboda yawan rayukan da ya ci. Gamalin, wanda iyayenmu suka sani, ƙasashen duniya sun sa shi cikin jerin gubar da za a daina tun 2009. In ka gan shi a kasuwa, ka wuce. Allin nan na kashe ƙwari da a ke ja wa layi a ƙasa, yaro ba ya bambanta shi da allin makaranta ko farar ƙasa, sai ya kai baki. Ƙwayar da a ke sa wa cikin buhun hatsi kuwa iska ta ke fitarwa mai kisa. Kada a jefa ta ramin tururuwa a cikin gida, kada kuma a kwana ɗaki ɗaya da buhun da aka sa wa ita. Baƙin mai da kananzir da wasu ke tuttulawa a rami suna ratsa ƙasa, in rijiya na kusa su ɓata ta.

In lalle sai an yi feshi, ka nemi shawarar duba-gari ko malamin gona, ka sayi wanda aka yi don gida, mai lambar hukuma da takarda a jiki, a karanta maka abin da aka rubuta. A fid da abinci da ruwan sha da kwanuka, a fid da yara da kaji. A fesa cikin tsaga da bakin rami kawai, ban da shimfiɗa, ban da jikin mutum. A buɗe ƙofa da taga iska ta ratsa kafin kowa ya koma. Kwalbar da ta ƙare a fasa ta a binne nesa da rijiya, kada a ɗauraye a zuba mai ko ruwa.

In kuwa tsautsayi ya faɗa, yaro ya sha ko ya zuba a jiki, ga alamun da za ka gani: dalalar miyau, gumi, hawaye, amai da zawo, tsokar jiki na rawa, baƙin ido ya tsuke ya zama kamar kan allura, ƙirji na kurari. A fid da shi wurin iska, a tuɓe masa tufafin da suka jiƙe, a wanke jikin da sabulu da ruwa mai yawa. Kada a sa masa yatsa a maƙogwaro don ya yi amai. Kada a ɗura masa manja ko madara ko ruwan tsamiya, ba su karya gubar, suna iya sarƙe shi su faɗa huhu, suna kuma cinye lokacin da ya kamata a ce ana hanya. In ya suma, a kwantar da shi ta gefe. A kai shi asibiti ko da ya ga kamar ya warware, a tafi da kwalbar ko takardar maganin, domin da ita likita zai san allurar da zai yi.